Hatsin godiya na bana: kujerar Urushalima, takin gwauraye ko talabijin ɗin matasa?

Istifanus (Sakatare):
Salamar Ubangiji ta kasance da ku duka, na gida da na ci-rani. Dattawa sun ce in kawo maganar nan zaure kafin taron ranar Lahadi, domin 'yan'uwanmu da suke Kano da Abuja da Legas su ma su tofa albarkacin bakinsu. An gama auna hatsin godiyar kaka an zuba a ɗakin ajiya, masara da dawa da gero da ɗan waken suya. Ya fi na bara yawa, sai dai kowa ya san yadda kasuwa take. Wasu daga cikin dattawa suna so a sayar a buɗe asusu da kuɗin, a riƙa ƙarawa har ya kai kuɗin kujerar Urushalima ga Baba Mai Bishara, tun da sauran ƙarfinsa. Zumuntar Mata ta ce ba ta yarda ba. Matasa kuma sun kawo tasu takardar, suna neman sola da talabijin da rigunan ƙwallo. Kowa ya faɗi ra'ayinsa cikin ladabi, kada a manta iyayenmu suna cikin zauren nan.

Dauda Legas:
Kafin mu yi nisa, Sakatare, ko an sayar da hatsin gaba ɗaya ya kai kuɗin kujerar?

Istifanus (Sakatare):
Ko rabi bai kai ba. Kujera yanzu maganar miliyoyin naira ake yi, ban da fasfo da gwajin asibiti da guzuri. Shi ya sa aka ce asusu.

Dauda Legas:
To ai nan gizo yake saƙar. Duk abin da ya shafi jirgi da otal a ƙasar waje da dala ake lissafinsa. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, aka sake ta, ba a shekara ba ta haura 1,500. Wanda ya fara tara kuɗin kujera a naira a wancan lokacin, yana tarawa kujerar tana ƙara nisa da shi. Ni ban ƙi Baba ya je ba, shi ya yi mini baftisma. Amma in za a yi asusu, a san irin asusun da za a yi.

Maman Rifkatu:
Salama, 'ya'yana. Ni ce na ce ban yarda ba, kuma a gaban Baba ma zan maimaita. Ku da kuke birni ba ku ga daminar da ta wuce ba. Buhun taki ya fi buhun masara tsada. Akwai gwauraye a cikinmu da suka ci bashin taki a watan Yuni, kaka ta yi, mai bashi yana tsaye a bakin gona, dole suka auna masa a farashin da ya ga dama. Yanzu rumbunsu ba zai kai Ista ba. In marka ta zauna a watan Agusta su ne za ka gani da kwano a hannu suna bin gidaje. Hatsin nan ma wasunsu daga bakin 'ya'yansu suka ɗebo suka kawo gaban bagade, mudu ɗaya, mudu biyu. Sai mu ɗauka mu kai wa kamfanin jirgi? Abin da mata muke so shi ne a bar hatsin a ɗaki, in damina ta yi tsakiya a ba mabukata rance, kwano da kwano, su mayar da kaka ba ƙari. Wani kashi kuma a sayar a sayi taki tun da rani kafin ya hau.

Bitrus Sai Masu Gida:
Mama, mu ma fa mun kawo. Gonar matasa ce ta ba da waken suyan nan gaba ɗaya, mu muka yi noman fari da maimai, mu muka casa.

Maman Rifkatu:
Na sani, Bitrus, Allah ya yi muku albarka. Amma ba don ku kalli Turawa suna guje-guje kuka kawo wa Allah ba.

Bitrus Sai Masu Gida:
Mama, ki yi haƙuri ki ji ni har ƙarshe. Ko an saya mana ko ba a saya ba, yaran nan za su kalli ƙwallo. Tambayar ita ce a ina. Yanzu sai an tafi gidan kallo a cikin gari, wasu a ƙafa, wasu uku a babur ɗaya. Wasan Zakarun Turai sai ƙarfe tara na dare ake take shi a irin wannan lokacin na sanyi, a tashi sha ɗaya saura, sannan a kamo hanyar daji. Mai gidan kallon ya ƙara kuɗin shiga saboda man janareta, ba laifinsa ba ne. Abin da ya fi damuna ba wannan ba ne. A bencin baya ake koya wa ƙannenmu caca ta waya. Yaro ya sa ɗari biyu, a ce in ƙungiyoyi goma sun ci masa zai kwashi dubbai, tara su ci ɗaya ta zubar da shi, gobe ya ɗebi tiyar gero a rumbun babansa ya sake gwadawa. Na san waɗanda suka sayar da akuyar uwarsu. In talabijin yana harabar majami'a, a gaban idon dattawa, wa zai fito da waya ya buga caca? Solar kuma ba ta ƙwallo kaɗai ba ce. Mawaƙa suna koyon waƙa da fitilar waya, addu'ar dare ma haka.

Ladi:
Wannan gaskiya ne. Ƙanena ma sai da aka ƙwace masa waya.

Dattijo Habila:
Ranar Lahadi da yamma majami'a fayau, sai tsofaffi da yara. In ka tambaya a ce ana wasan Ingila, ɗaya ƙarfe uku, ɗaya biyar da rabi. Yanzu kuma mu da hannunmu mu shigo da abin cikin harabar Allah? Gobe Fasto yana wa'azi a ji ihu daga waje an ci.

Malam Haruna:
Baba Habila, akwai wani Bature ɗan Sukotlan, Eric Liddell. A gasar Olamfik ta 1924 a Faris ya ƙi shiga tseren mita 100, wanda ya fi ƙwarewa a kai, saboda zagayen farko ya faɗo ranar Lahadi. Ya shiga na mita 400 a wata rana ya ɗauki zinariya. Daga baya ya tafi aikin bishara a ƙasar Sin, can ya rasu a sansanin tsare mutane a 1945. Na kawo shi ne don bai ce gudu zunubi ba ne, bai kuma bar gudu ya hau kan sujada ba. In an sayi talabijin, makullin ya zauna a hannun dattijo, a rufe lokacin sujada da taron zumunta. Manzo Bulus kansa da 'yan tsere da 'yan dambe ya yi wa Korintiyawa misali a 1 Korintiyawa sura 9, kuma ya gaya wa Timoti motsa jiki yana da ɗan amfaninsa.

Dattijo Habila:
Ɗan amfani ya ce, Malam. Ɗan. Kuma motsa jiki ya ce, ba zama a benci ana kallon masu motsawa ba.

Markus:
Baba ya ci ɗaya da nema!

Bitrus Sai Masu Gida:
Ai shi ya sa muka haɗa da riguna da ƙwallo, Baba. Mu ma muna bugawa. Kuma ku duba ƙungiyar garin nan, rabi mu ne rabi 'yan'uwanmu Musulmi. Mai tsaron gidanmu ɗan limamin unguwar gabas ne. In lokacin sallar la'asar ya yi mu jira su, in ranar Lahadi ce su jira mu fito. Ku nuna mini wani wuri a ƙauyen nan da samarinmu da nasu suke haɗuwa kullum su yi dariya tare, in ba fili ba. Ran da aka yi 'yar hatsaniya a kan burtali, waɗanda suka fara shiga tsakani 'yan ƙwallon nan ne, don sun san juna da suna.

Saratu Dutse:
Duk naku na maza ne. A watan Yulin 2025 'yan matan Najeriya suka je Maroko, masu gida suka zura musu biyu kafin hutun rabin lokaci, suka farke suka ƙara ɗaya, suka ɗauko kofin Afirka karo na 10. Mazan kuwa a Fabrairun 2024 suka fara cin Kwaddibuwa a wasan ƙarshe, aka tashi biyu da ɗaya a kansu. Amma a garinmu yarinya ta taɓa ƙwallo sai a ce ta lalace. In da kuɗin ikilisiya za a sayi riguna, ikilisiya ba maza kaɗai ba ce.

Markus:
Yaya Saratu, ki bari sai Jigawa Golden Stars ta ɗauko kofi tukuna ki zo mu yi maganar ƙwallo.

Saratu Dutse:
Aiki ne ya kai ni Dutse, ni 'yar Sumaila ce kamar kai. Kuma ku masu gidan, 'yan Kano Pillars, ba ku faɗa rukuni na biyu a 2022 ba?

Bitrus Sai Masu Gida:
Mun faɗa, muka dawo shekara na zagayowa. Kofin lig sau huɗu, 2008 da 2012 da 2013 da 2014, uku a jere. A 2009 muka fitar da Al Ahly ta Masar har muka kai wasan kusa da na ƙarshe a Afirka. Ahmed Musa da ya ci Ajantina biyu a 2014 ya ci Ayislan biyu a 2018, a Pillars ya yi suna kafin ya tafi Turai, kuma gida ya dawo. Sai masu gida!

Istifanus (Sakatare):
Jama'a, hatsi muke magana.

Baba Filibus JP:
Salama gare ku. Na yi shiru ina karantawa, don na san da na buɗe baki za a ce ai shi ya je. E, na je, lokacin ina aikin gwamnati, kuma ina so ku ji abin da tafiyar take yi wa mutum kafin ku yanke.

Tun ina yaro nake jin labarin mutumin da yake gangarawa daga Urushalima zuwa Yariko 'yan fashi suka tare shi. Sai da mota ta bi da mu hanyar na gane gangarar. Urushalima tana kan tudu, Yariko tana ƙasa da matakin teku, tsakaninsu bai kai kilomita 30 ba amma saukar ta fi mita 1,000, kunne har toshewa yake. Hagu da dama duwatsu ne tsirara da kwazazzabai, ba gida ba inuwa. Nan na san abin da Basamariyen nan ya sa kansa a ciki da ya tsaya. Tekun Galili kuma ashe tafki ne na ruwan daɗi, kana tsaye a Kafarnahum kana hango tsallaken. Kogin Urdun, inda ake kai mutane wurin baftismar Ubangiji, ko kusa bai kai kogin Wudil faɗi ba, ruwan ma jawur. Wasu a cikinmu ransu ya ɓaci, ni kuwa daɗi na ji, don na gane dalilin da Na'aman ya raina shi. A Baitalami ƙofar majami'ar haihuwa gajera ce, ko bishop sai ya sunkuya. Wani abin da zai ba ku mamaki, makullin babbar majami'ar da ke kan kabarin Yesu a hannun iyalan Musulmi yake tun ɗaruruwan shekaru, su suke buɗewa da asuba su rufe da dare.

Mutumin da ya yi rayuwarsa yana koya wa mutane waɗannan wurare a ƙarƙashin itacen ɗorawa, da keke, ba albashin kirki, ba fansho, ku ce bai cancanci ya gan su da idonsa ba? Shi ya koya wa rabin zauren nan karatun Hausa da Littafi Mai Tsarki. Da matar nan ta fasa tulun turare mai tsada a kan Yesu, ai maganar matalauta aka kawo, kun kuma san amsar da ya bayar.

Maman Rifkatu:
Baban Tabita, turaren nata ne, da kuɗinta. Ba na baitulmali ta fasa ba. Kai ma da ka je, ba hatsin gwauraye ne ya kai ka ba.

Baba Filibus JP:
Haka ne, kujerar gwamnati ce.

Dauda Legas:
To a nema masa irinta mana. Akwai hukumar masu ziyarar ibada ta Kirista ta ƙasa a Abuja, wadda aka kafa da dokar 2007, kuma wasu gwamnatocin jihohi suna biya wa mutanensu kujeru.

Baba Filibus JP:
Ɗana, kujerun nan kaɗan ne, masu nema da yawa, kuma sunan mai bisharar ƙauye ba ya hawa takarda da kansa, sai da mai ɗora shi. Ga batun mai tsaya maka, saboda waɗanda suke zuwa su sulale su ƙi dawowa sun ja wa kowa tsanani. Zan taɓa waɗanda na sani, amma ban yi alkawari ba.

Saratu Dutse:
Ni ta fannin lafiya zan yi magana. Ziyarar nan tafiyar ƙafa ce, hawa da sauka a kan matakalar dutse, daga Dutsen Zaitun a gangaro Getsamani a sake haurawa cikin tsohon birni. Gwiwar Baba kun san yadda take, idonsa na hagu kuma yana ce ta rufe shi. Aikin yanar ido ba ya ɗaukar awa guda, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar kuɗin kujera ba. A asibitin ido na ECWA da ke Kano ana yi. A kai mutum kallon Urushalima da idon da ba ya gani? A fara da idon. Sannan tun 7 ga Oktoban 2023 yankin bai zauna daidai ba, a shekarar ko bikin Kirsimeti ba a yi a Baitalami ba. Yau a buɗe hanya, gobe a soke jirage.

Baba Filibus JP:
Akwai ɓangaren ƙasar Jodan, 'yata. Dutsen Nebo inda Musa ya hango ƙasar alkawari yana can, wurin baftisma ma akwai shi a tsallakensu. Hukumar tana kai mutane.

Malam Haruna:
Ni abin da nake so mu kalla da idon basira shi ne dalilin da abin ya zame mana kamar dole. A cikin 'yan'uwa Musulmi muke zaune, muna ganin yadda ake rakiyar maniyyaci, yadda ake tarbarsa, yadda sunansa yake canjawa daga ranar. Mu ma zuciya tana so a ce namu ya hau jirgi ya dawo da haruffa biyun nan, JP, na wanda ya ziyarci Urushalima, a bayan sunansa. Ba da kai nake ba, Baba Filibus. Amma su aikin Hajji rukuni ne a addininsu, kuma duk da haka sai ga wanda ya sami iko. Har adashin gata suke yi, mutum ya tara nasa a hankali. Mu kuwa babu inda aka umarce mu. Yesu ya gaya wa matar Samariya a Yohanna 4 cewa lokaci na zuwa da ba a kan dutsen nan ba, ba kuma a Urushalima za a yi wa Uba sujada ba.

Ku kuma duba tafiyar Bulus ta ƙarshe zuwa Urushalima. Me ya ɗauka? Gudummawar da ikilisiyoyin Makidoniya da Akaya suka tara wa matalautan can, yana Romawa 15. Kafin nan a Ayyukan Manzanni 11, da aka yi annabcin yunwa a zamanin Kalaudiyas, mutanen Antakiya kowa ya ba da gwargwadon ƙarfinsa aka aika Yahudiya ta hannun Barnaba da Shawulu. Wato tafiyar ikilisiya zuwa Urushalima da muka karanta, gudummawa ta kai wa masu yunwa. Mu namu masu yunwar suna bayan katangar majami'a.

Dattijo Habila:
Malam ya iya jera ayoyi. A 1 Timoti 5 kuma an ce dattawan da suke wahala wajen wa'azi da koyarwa a girmama su ninki biyu. Ka tsallake wannan.

Malam Haruna:
Ban tsallake ba, Baba. Surar nan ɗaya ita ce ta yi dogon bayani a kan kula da gwauraye, tun kafin ta zo kan dattawa.

Yakubu Dawanau:
Ku bar ni in shigo ta inda na sani, ni da nake kwana cikin buhuna. Shawarar Mama tana da kyau amma akwai rami a ciki. Da can kowa ya san ka saya da kaka ka ajiye, damina ta yi ka ci riba. Waɗanda suka yi haka da kakar 2024 sun ji a jikinsu. Gwamnati ta ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama na kwana 150 daga tsakiyar 2024, kaya suka shigo, maimakon farashi ya hau a 2025 sai ya yi ta sauka. Na ga manyan 'yan kasuwa suna fitar da kaya ƙasa da yadda suka saya. Mai saye a birni ya ji sauƙi, manomi ya kwana ciki, don taki da maganin feshi da kuɗin tarakta ba su sauko tare da hatsin ba. Saboda haka in za a ajiye don a ci ne, a ajiye. In don a jira tsada a sayar ne, kada wanda ya yi muku alkawari.

Na biyu, ɗakin ajiyarmu. Masara a buhun gargajiya ba ta kai watan Yuni sai ta zama gari, ƙwari sun gama da ita. A sayi buhun nan mai leda biyu a ciki, a tabbata hatsin ya bushe ƙayau, a ɗaure kowace leda daban, a ɗora a kan katako nesa da bango saboda ɓera. Ba sai an zuba ƙwayar magani ba. Waken suya kuwa a sayar da shi yanzu, masu kamfanin mai da abincin kaji suna nema, kuma ba shi za a ba gwauruwa ta tuƙa tuwo ba.

Bitrus Sai Masu Gida:
Kawu Yakubu ya ce a sayar da waken suya. Waken suya na matasa ne. Na gode, Kawu.

Yakubu Dawanau:
Ban ce a ba ka kuɗin ba, ɗan nema.

Dauda Legas:
A lissafa da kuɗin mota kuma. Man da muke saye ƙasa da naira 200 kafin 29 ga Mayun 2023, sai da ya haura 1,000 a ƙarshen 2024. Ko ya ɗan sauko, direba bai sauko ba. Kai buhu Dawanau daga garinmu yanzu sai ka yi tunani, gara a kai Wudil ranar Juma'a ko a kira mai saye ya zo har gida. Ni kaina bara ban zo Kirsimeti ba saboda kuɗin mota, bana ma ina ta lissafi. Ziyarar da take gabana ke nan, in ga mahaifiyata.

Ladi:
Allah ya hore, Yaya Dauda. Kullum sai ta tambaye ka.

Markus:
Wai an ce masu zuwa Isra'ila har noman zamani ake nuna musu, na ɗigon ruwa ta siririn tiyo. Da matashi aka tura ma da ya dawo da abin amfani.

Yakubu Dawanau:
Kai dai kana son hawa jirgi. In noman rani kake so ka koya, hau mota ka je Kadawa ko Kura, ruwan Tiga yana gudu a kanal tun zamanin Audu Bako. Kuɗin zuwa bai kai na kaza biyu ba.

Fasto:
Salama, 'yan'uwa. Na bar ku ne kowa ya amayar da abin da ke cikinsa. Ziyara ba farilla ba ce a gare mu, ba kuma abin raini ba ce. Iyayen Yesu kowace shekara suna zuwa Urushalima idin Ƙetarewa, kuma wanda ya je da zuciya ɗaya yana dawowa da abin da zai ciyar da ikilisiya, kun dai ji Baba Filibus. Amma hatsin godiya an kawo shi ne ba tare da an gaya wa masu kawowa cewa na kujera ba ne. In muka juya shi can, baɗi wasu za su riƙe hannunsu, kuma ba zan ga laifinsu ba. Abu ɗaya ya dame ni a duk zancen nan. Tun safe muke yanka wa Baba riga, akwai wanda ya je ya tambaye shi?

Istifanus (Sakatare):
Dattawa sun so ya zama abin ba-zata ne, ranka ya daɗe.

Maman Rifkatu:
Ba-zata a garin nan? Tun shekaranjiya ake zancen a bakin rijiya.

Nuhu:
Salama. Ina tare da Kakana, Baba Mai Bishara, yanzu, na karanta masa tun daga sama. Ya ce in rubuta yadda ya faɗa, kada in gyara.

Ya ce yana gaishe da kowa. Ya ce kada wani ya yi masa ƙarya a baki cewa ba ya so, yana so, tun yana makarantar Littafi Mai Tsarki yake son ya ga Galili, kuma in ya ce ba ya so don a yabe shi ya yi zunubi. Amma ba zai hau jirgi da dawar matar marigayi ɗan'uwansa ba, don ya san abin da ya rage a rumbunta. Ya ce yana da 'ya'ya da jikoki, yana da waɗanda ya yi wa baftisma suna cin albashi a birni, in suna so ya je su buɗe nasu asusun da sunansu, shi ma zai sa ɗan bijiminsa a ciki. In ya cika yana da rai, to. Maganar ido kuma ya ce Saratu ta faɗi ranar, a shirye yake, don ya gaji da sa ni karanta masa Zabura ina cin rabin kalmomin.

Ya ce a gaya wa Baba Habila shi ma ya yi kokawa a dandali kafin ya tuba, bayan ya tuba ma ya ɗan taɓa, kuma Baba Habila ya san wanda ya kayar a gaban 'yan mata.

Markus:
Tabɗi! Baba Habila, muna jiran bayani.

Dattijo Habila:
Santsi ne, an yi ruwa ranar. Nuhu, ka ce masa zan shigo da yamma.

Dauda Legas:
Sakatare, buɗe asusun daban, ka sa sunana a farko. Amma kada a bar shi a naira yana kwance. A sayi 'yan tumaki ko maraƙi a ba wani ya yi kiwo, kafin babbar Sallah a sayar a sake juyawa.

Baba Filibus JP:
A sa ni. Fasfo kuma ni zan kai shi ofis a Kano in tsaya a kai.

Saratu Dutse:
Zan tambayo ranar da ake ganin sababbin marasa lafiya in faɗa a nan. Kuɗin aikin ido fa daga ina, asusun kujera ko na ikilisiya?

Maman Rifkatu:
Wannan kam ko daga hatsin aka cire mata ba za su ce komai ba. Sauran a bar mana shi a ɗaki, a sayo buhunan da Yakubu ya faɗa. Kuma rancen a rubuta a littafi, mace biyu namiji ɗaya su riƙe, don na san halin wasu mazan, za su turo matansu su karɓa su kai kasuwa.

Bitrus Sai Masu Gida:
Mu fa? An yi ido, an yi kujera, an yi gwauraye.

Fasto:
Ku kawo farashin sola da batir a rubuce daga shago biyu ko uku. Fitilar majami'a bukatar kowa ce, zan goyi bayanta a gaban dattawa. Talabijin da kuɗin dikoda na wata-wata kuwa sai kun nuna mana wanda zai riƙa biya, don ikilisiya ba za ta ɗauki wannan ba.

Bitrus Sai Masu Gida:
Za mu riƙa karɓar kuɗin shiga kaɗan, rabin na cikin gari.

Dattijo Habila:
A harabar majami'a? Ku karanta abin da ya sami masu canjin kuɗi a Haikali kafin ranar Lahadi.

Saratu Dutse:
Rigunan 'yan mata kuma ban ji an amsa ba.

Istifanus (Sakatare):
Duk na rubuta, har da naki. Taro bayan sujada kai tsaye, kada kowa ya tafi gida cin abinci tukuna. Ma'aji ya zo da littafin awo, Kawu Yakubu ya turo mana farashin waken suya na ranar Asabar. Na ci-rani da suke son shiga asusun Baba su yi mini magana ta gefe, kada a sa lambar banki a nan.